Ayoyin da aka sa a baka biyu: fashin baƙi kan tsofaffin kwafe-kwafen Littafi Mai Tsarki

Wanda ya buɗe ɗaya daga cikin sababbin bugun Littafi Mai Tsarki ya je ƙarshen Bisharar Markus, zai tarar da abin da zai sa ya dakata. Bayan aya ta 8 a sura ta 16 akwai baka biyu, ko wani ɗan bayani da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi, mai cewa ayoyi goma sha biyun da suka biyo baya ba sa cikin kwafe-kwafen da suka fi tsufa. Haka abin yake a Bisharar Yahaya, daga 7:53 zuwa 8:11, inda labarin matar da aka kama da zina yake. A wani wurin ma lambar aya ce za ka ga ta yi tsalle, kamar a Ayyukan Manzanni sura 8, daga 36 sai 38.

Mutane iri biyu ne ke cin karo da wannan bayani. Wani ya ce ai ga shi nan da bakinsu sun amsa cewa an canza littafin, magana ta ƙare. Wani kuma ya ji nauyi ya wuce da sauri, ko ya ce masanan zamani ne suka yanke ayoyi don su raunana bangaskiya. A ganina dukansu sun yi gaggawa. Ɗan bayanin nan na ƙasan shafi ya fito ne daga aikin da aka kwashe shekara ɗari biyar ana yi, kuma wanda ya san yadda aka kai gare shi ba zai ƙara faɗin ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ba.

A fara da abin da ba a gardama a kansa. Babu rubutun asali ko ɗaya a duniya yau. Babu wasiƙar da Bulus ya sa wa hannu, babu fatar da magatakardan Irmiya ya rubuta a kai. Abin da ya iso gare mu kwafi ne da aka yi daga wani kwafin. Haka yake ga duk littattafan wancan zamani, har da na Aflatun da sauran masanan Girka. Takardar da suke amfani da ita, fafirus, da ciyawar bakin kogin Nilu ake yin ta, kuma ba ta jure danshi. Shi ya sa kusan duk tsofaffin guntayen da suka tsira daga busasshen rairayin Masar aka tono su. Ga kuma hannun mutane: a shekara ta 303 sarkin Rum Diyokilishiyan ya ba da umarnin a ƙone littattafan Kirista.

Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari ba hanya ɗaya suka biyo ba, kuma gwama su wuri ɗaya yana daga cikin abin da ke rikita muhawara.

Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, ban da 'yan wurare da ke da Aramaik. Matanin da ake bugawa yau ya biyo ta hannun wasu malaman Yahudawa da ake kira Masorawa, waɗanda suka yi aiki tsakanin ƙarni na 7 da na 10, musamman a Tabariya. Ibrananci kamar Larabci yake, baƙaƙe ake rubutawa, wasali yana bakin mai karatu. Masorawa ne suka sa ɗige-ɗigen wasali da alamomin tsayawa. Tsantseninsu ya kai har suna ƙirga kalmomi da baƙaƙen kowane littafi, suna nuna wanda yake tsakiya. In suka ga kalmar da suke zaton kuskure ce, ba sa taɓa ta. Sai su bar ta yadda suka same ta, su rubuta a gefe yadda za a karanta. Kundin Halab, wanda aka rubuta wajen 930, shi ne ake ɗauka mafi inganci a aikinsu, amma ya rasa kusan dukan Attaura bayan tarzomar da aka yi a birnin a 1947. Cikakken da ya fi tsufa shi ne Kundin Leningirad, wanda aka rubuta a Alƙahira wajen 1008, kuma a kansa aka gina bugun Ibrananci na Stuttgart da masu fassara ke amfani da shi.

Matsalar a fili take. Tsakanin annabawa da shekara ta 1008 akwai fiye da shekara dubu da ɗari biyar. Wa ya san abin da ya faru a wannan tsakani?

Amsar ta fara fitowa a 1947, lokacin da wasu makiyaya Larabawa suka ci karo da tuluna a wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Zuwa 1956 an gano koguna goma sha ɗaya, da ragowar naɗaɗɗun littattafai sama da 900, kusan 200 daga ciki na Littafi Mai Tsarki ne. An samu wani abu daga kowane littafi na Tsohon Alkawarin Ibrananci in ban da Esta. Mafi shahara shi ne naɗaɗɗen littafin Ishaya, mai tsawon sama da mita 7, ɗauke da surori 66 cif, wanda aka rubuta wajen shekara 125 kafin miladiyya. A dare ɗaya shaida ta koma baya da shekara dubu. Da aka gwada shi da na Masorawa, sai aka ga littafi ɗaya ne: surorin, jerinsu da saƙonsu. Bambance-bambancen suna da yawa in an ƙirga, amma galibinsu na salon rubuta kalma ne da nahawu.

A nan masu wa'azi da yawa suke tsayawa, alhali labarin Kumran bai ƙare a nan ba. Tun ƙarni na 3 kafin miladiyya Yahudawan Iskandariya suka fara fassara littattafansu zuwa Helenanci, fassarar da ake kira ta mutum saba'in. A cikinta littafin Irmiya ya gaza na Masorawa tsawo da kusan kashi ɗaya bisa bakwai, kuma jerin surorinsa daban ne. An daɗe ana ɗora laifin a kan masu fassara, ana cewa su suka taƙaita. Sai ga guntun Irmiya na Ibrananci a Kumran da ya yi daidai da gajeren. Ashe masu fassarar ba su yi ha'inci ba, wani kwafin ne daban a gabansu. Wato a wancan lokaci Irmiya iri biyu ke yawo, dogo da gajere, kuma an aje su a wuri ɗaya ba tare da an ƙone ɗaya ba.

Akwai ƙanana irin wannan. Tsawon Goliyat kamu shida da taƙi ne a matanin Masorawa, kusan mita uku ke nan, amma a kwafin Sama'ila na Kumran da fassarar Helenanci da kuma rubutun ɗan tarihi Yusufus, kamu huɗu da taƙi ne, wato wajen mita biyu. Zabura ta 145 an tsara ta ne bisa jerin baƙaƙen Ibrananci, kowace aya da baƙinta, amma a matanin Masorawa ayar baƙin "nun" ta faɗi; an same ta a Kumran, tana kuma cikin fassarar Helenanci. A 1 Sama'ila 13:1 lambar shekarun Saul lokacin da ya hau sarauta ta ɓace daga Ibranancin tun da daɗewa, kuma Masorawa sun kwafi giɓin yadda yake, ba su cike shi da ƙiyasi ba. Wannan giɓi, a wurina, ya fi dogon yabo nuna amanarsu.

To me wannan ke nufi? Kafin ƙarshen ƙarni na farko na miladiyya wasu littattafan suna da siffa fiye da ɗaya. Daga nan Yahudawa suka tsaya a kan siffa guda, suka riƙe ta gam. Littattafan da aka samu a Masada da Wadi Murabba'at, su ma a yankin Tekun Gishiri, kusan baƙi da baƙi suke da na Masorawa. Haka ma ƙonannen naɗin Littafin Firistoci na En Gedi, wanda ya zama gawayi har ba a iya warware shi, sai da na'urar ɗaukar hoton ciki da kwamfuta suka karanta shi a 2015 da 2016. Saboda haka wanda ya ce Masorawa sun adana abin da suka gada da kyau, ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce abin da suka gada shi kaɗai ne ya taɓa kasancewa, bai faɗi gaskiya ba.

Sabon Alkawari kuwa labarinsa ya fi hayaniya. An rubuta littattafansa 27 da Helenanci, galibi tsakanin shekara ta 50 da ta 100. A ƙarnoni ukun farko babu wata hukuma da ke kula da kwafa. Jama'ar wani gari su ari wasiƙa, wani mai iya rubutu a cikinsu ya kwafa, a mayar. Wasu masu kwafar ƙwararru ne, wasu ba su ƙware ba. Tun a ƙarni na 3 malamin Iskandariya Orijin ya koka cewa bambanci tsakanin kwafe-kwafe ya yi yawa, saboda sakacin wasu da kuma ƙarfin halin wasu. Ashe ba masanan zamani ne suka fara gano matsalar ba.

Yau akwai kwafe-kwafen Helenanci kusan 5,800 a rajistar cibiyar binciken matanin Sabon Alkawari da ke Münster a Jamus. Ana yawan ɗaga wannan lamba a matsayin hujja, kuma lalle babu wani littafi na zamanin Girka da Rum da ya kusance ta. Sai dai a yi adalci: galibinsu daga ƙarni na 9 zuwa sama aka rubuta su, kaɗan ne ƙwarai ke ɗauke da Sabon Alkawari gaba ɗaya, wasu ma guntaye ne da ba su kai tafin hannu ba. Na fafirus, waɗanda su ne mafiya tsufa, wajen 140 ne. Wanda aka fi ambata yana Manchester a Ingila, tsawonsa bai wuce santimita 9 ba, ɗauke da 'yan kalmomi daga Yahaya 18. Da salon rubutu ake ƙiyasta shekarunsa, ana sa shi a ƙarni na 2, kuma irin wannan ƙiyasi ba ya ba da shekara tsayayya. An taɓa shafe shekaru ana yayata cewa an samu guntun Markus na ƙarni na farko. Da aka wallafa shi a 2018, sai masu wallafawar suka sa shi a ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon na 3. Ɗoki irin wannan ba ya taimakon kowa.

Waɗanda suka fi nauyi su ne manyan fafirus na wajen shekara ta 200: ɗaya mai wasiƙun Bulus, wanda aka raba tsakanin Dublin da Michigan, ɗaya mai kusan dukan Yahaya, ɗaya kuma mai Luka da Yahaya. Sai manyan kundaye biyu na fata daga ƙarni na 4. Kundin Batikan yana ɗakin karatun Fafaroma tun ƙarni na 15. Kundin Sina'i kuwa wani Bajamushe, Constantin von Tischendorf, ya fito da shi daga gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i: warƙa 43 a 1844, mafi yawan sauran a 1859. Shi ya ce ya tarar da shafukan a kwando ana shirin ƙone su. Sufayen ba su yarda da wannan labari ba, kuma sun daɗe suna cewa aro aka karɓa. Kundin ya tafi Rasha, a 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Birtaniya shi a kan fam 100,000. Yau yana warwatse a Landan, Leipzig, Saint Petersburg da Sina'i, amma tun 2009 an haɗa hotunansa a intanet, kowa na iya gani da idonsa, har da dubban gyare-gyaren da hannaye daban-daban suka yi a kai. Bayan waɗannan akwai tsofaffin fassarori na Latin, Suryanci, Kibɗanci da Ge'ez na Habasha, da kuma ayoyin da malaman farko suka kawo a cikin littattafansu.

Sai maganar bambance-bambance, wadda ita ce ke firgita mutane. A 1707 John Mill na Oxford ya buga Sabon Alkawari tare da bambance-bambance kusan 30,000 daga kwafi wajen ɗari, hankalin mutane ya tashi. Yau ƙiyasin ya kai tsakanin 300,000 da 500,000, alhali kalmomin Sabon Alkawari duka wajen 138,000 ne. Wanda ya ji haka sai ya ce ai ko kalma ɗaya ba ta tsira ba. Ba haka lissafin yake ba. In mai kwafa guda a ƙarni na 12 ya tsallake layi, ko ya juya "Yesu Almasihu" zuwa "Almasihu Yesu", an samu bambanci ɗaya, ko da babu wani kwafi a duniya da ya bi shi. Yawan kwafi ne ke kawo yawan bambanci. Da kwafi ɗaya tak ya rage, da babu bambanci ko ɗaya, amma kuma da babu hanyar gane kuskurensa.

A ɗauka wani malami ya rubuta littafi, almajiransa biyar suka kwafa da hannu, ɗaya ya tafi Katsina, ɗaya Zariya, ɗaya Agadas, sauran suka bazu, kowa kuma aka ci gaba da kwafa daga nasa. Asalin ya ɓace. Bayan shekara ɗari uku in aka tara kwafe-kwafen, kowane zai zo da kurakurai, amma da wuya su yi kuskure ɗaya a wuri ɗaya. Inda na Katsina ya tsallake layi, na Agadas yana da shi. In kuma aka ga kwafi ashirin da kuskure iri ɗaya, an gane kakansu ɗaya ne, shaidarsu ta mutum ɗaya ce. Wannan shi ne tushen aikin gaba ɗaya, kuma shi ya sa masana ke cewa auna shaidu ake yi, ba ƙirga su ba.

Akwai wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki: karatun da ya fi wuya, shi ne sau da yawa na asali, domin mai kwafa sauƙaƙawa yake yi, ba ya ƙirƙiro wa kansa matsala. A Markus 1:2 tsofaffin kwafe-kwafe suna cewa "kamar yadda aka rubuta a littafin annabi Ishaya", alhali abin da ya biyo baya haɗi ne na Malakai da Ishaya. Na baya suka mayar da shi "a cikin annabawa". A Matiyu 24:36, inda ake cewa babu wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'iku, "ko Ɗan", kwafe-kwafe da yawa na baya ba su da kalmomin ƙarshen nan, kuma ba wuya a gane abin da ya sa suka yi wa wani mai kwafa nauyi. Saboda haka gaskiya ne, akwai gyaran da aƙida ta jawo. Amma an kama shi, tsofaffin kwafe-kwafe sun tona shi, kuma kalmomin suna nan daram a Markus 13:32. A gefen Ibraniyawa 1:3 a Kundin Batikan ma, wani mai karatu na baya ya rubuta wa wanda ya gyara wata kalma faɗa: "Kai wawa, mugu, bar tsohon karatu, kada ka canza shi."

Manyan wurare ba su da yawa, kuma an san su. Ƙarshen Markus babu shi a Kundin Sina'i da na Batikan, kuma malaman Kirista Yusibiyus da Jerom a ƙarni na 4 da farkon na 5 sun ce yawancin kwafe-kwafen Helenanci da suka sani a aya ta 8 suke tsayawa, inda matan da suka je kabarin Yesu suka gudu cikin tsoro. A ɗaya gefen, wani malamin Kirista, Iraniyus, ya kawo aya ta 19 tun wajen 180. Ƙari ne dai, salon Helenancinsa ma ya bambanta, amma ƙari ne mai tsufa ƙwarai, na ƙarni na 2. Labarin matar da aka kama da zina babu shi a fafirus biyun Yahaya, babu shi a manyan kundaye biyun. Kwafin Helenanci mafi tsufa da ke da shi shi ne Kundin Beza na wajen 400. A wasu kwafe-kwafen yana ƙarshen Yahaya, a wasu yana bayan Luka 21:38, alamar labari ne da ke yawo yana neman masauki. Mutane na ƙaunar wannan labari, ni ma haka, amma shaidar ba ta bar wurin shakka ba cewa ba marubucin Yahaya ne ya sa shi a nan ba. Akwai kuma inda har yau masana ba su daidaita ba, kamar addu'ar "Ya Uba, ka gafarta musu" a Luka 23:34, wadda wasu tsofaffin shaidu ba su da ita, wasu kuma suna da ita.

Ta yaya waɗannan ayoyi suka shiga hannun kowa har cire su ya zama kamar sata? Nan ne labarin bugu ya shigo. Sabon Alkawarin Helenanci na farko da ya fita kasuwa shi ne na wani masani ɗan ƙasar Holan, Erasmus, a birnin Basel, 1516. An yi shi da gaggawa, shi da kansa ya amsa haka. Kwafi bakwai ko takwas kawai ya samu, galibi na wajen ƙarni na 12. Na Wahayin Yahaya guda ɗaya ne, na aro, kuma shafinsa na ƙarshe ya ɓace, sai Erasmus ya mayar da ayoyi shida na ƙarshe daga Latin zuwa Helenanci da kansa. Shi ya sa tsofaffin fassarori ke da "littafin rai" a 22:19 inda kwafe-kwafen Helenanci ke da "itacen rai". Jimlar 1 Yahaya 5:7 mai ambaton Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki a matsayin shaidu uku a sama, bai sa ta a bugu na farko da na biyu ba, domin bai same ta a Helenanci ba. Aka yi masa ca. Sai aka fito da wani kwafi da aka rubuta wajen 1520 mai ɗauke da ita, ya sa ta a bugun 1522. Daga Latin ta samo asali, kuma babu kwafin Helenanci da ya girmi ƙarni na 14 da ke da ita a cikin matani.

Wannan matani na Erasmus, da 'yan gyare-gyare, shi Martin Luther ya fassara zuwa Jamusanci a 1522, shi ne tushen fassarar Sarki Jems ta Ingilishi a 1611. Robert Estienne ya raba shi aya-aya a 1551, abin da ya sa in aka fitar da aya yau lambarta ke zama wayam. A 1633 masu ɗab'i na gidan Elzevir suka tallata shi da cewa matani ne da kowa ya karɓa, sunan ya bi shi. Ya yi sarauta shekara ɗari uku. Karl Lachmann ne ya fara barin sa a 1831, sai masanan Cambridge Westcott da Hort a 1881 suka gina bugunsu a kan tsofaffin kundaye, musamman na Batikan.

An soke su sosai, kuma sukar tana da ƙafa: ta yaya kundaye biyu za su rinjayi dubbai? Amsar tana cikin tarihi. Bayan ƙarni na 7 daular Rumawan Gabas ce kaɗai ta ci gaba da kwafa da Helenanci da yawa. Yamma ta koma Latin, Masar da Sham suka koma Kibɗanci, Suryanci da Larabci. Dubban nan galibinsu 'ya'yan gida ɗaya ne. Sannan fafirus ɗin Luka da Yahaya da aka wallafa a 1961 ya zo ya yi kama da Kundin Batikan ƙwarai, alhali yawancin masana suna ganin ya girme shi da fiye da shekara ɗari. Wannan ya nuna matanin kundin ba ƙirƙirar ƙarni na 4 ba ne. Duk da haka Westcott da Hort sun wuce gona da iri wajen raina kwafe-kwafen baya, kuma masanan yau suna ba su daraja fiye da da.

Shaidar nan ita ce kuma ke rushe maganar da ake yawan ji cewa a taron Nikiya na 325 sarki Kustantin ya sake rubuta littafin. Taron a kan matsayin Almasihu aka yi shi, bai tsara jerin littattafai ba. Akwai fafirus da aka rubuta tun kafin taron, kuma da aka tono su a Masar, Luka da Yahaya da Bulus ɗin da aka sani ne a ciki.

Amma akwai iyakar da ya kamata kowane ɓangare ya amince da ita. Kwafe-kwafe suna kai mu da ƙarfi zuwa wajen shekara ta 200. Daga nan zuwa lokacin marubutan, shekara ɗari ko ɗari da hamsin, da hujjar hankali ake tafiya: rassa daban-daban da suka rabu da wuri suna haɗuwa a kan matani ɗaya, wanda ke nuna tushensu ɗaya ne kuma ya girme su. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba daidai take da riƙe takardar a hannu ba. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ilmin kwafe-kwafe yana amsa tambaya ɗaya ce: me marubucin ya rubuta? Ba ya amsa ko abin da ya rubuta ya faru, ko wahayi ne. Kirista ba zai iya kafa bangaskiyarsa da lambar 5,800 ba. Musulmi kuma, in yana maganar tahrifi, ya kamata ya fayyace abin da yake nufi. In yana nufin Bisharu huɗun ba su ne Linjilar da aka saukar wa Annabi Isa ba, wannan magana ce ta aƙida, kundi ba ya yanke ta. In kuwa yana nufin an sauya littafin da ke hannun Kirista a wani lokaci bayan ƙarni na 4, kundayen suna nan, ana iya gwada su da na yau shafi da shafi. Yawancin zafin da ake yi a majalisu da kafafen sada zumunta a ƙasar Hausa daga gwama tambayoyin nan yake tasowa.

Bugun da masana ke amfani da shi yau ya samo asali daga na Eberhard Nestle na 1898, wanda Kurt Aland ya ci gaba da shi. Na 28 ya fito a 2012. Yana da ɗan'uwa da Haɗaɗɗun Ƙungiyoyin Littafi Mai Tsarki suka tanada don masu fassara, inda ake sa wa kowane muhimmin wuri maki daga A zuwa D, A na nufin an tabbata, D na nufin kwamitin ya sha wuya kafin ya zaɓa. A ƙasan kowane shafi an jera wane kwafi ya ce me, ta yadda wanda bai gamsu da zaɓin ba yana da kayan da zai yi jayayya da su. A Münster ana kan wani babban bugu da ke amfani da kwamfuta wajen gano dangantakar kwafe-kwafe. Sakamakonsa ya sa an sauya wurare talatin da 'yan kai a wasiƙun Yakubu, Bitrus, Yahaya da Yahuza a bugun 2012, ciki har da Yahuza aya ta 5, inda "Ubangiji" ya koma "Yesu". A wasu wuraren editocin sun sa alama cewa shaidu sun yi kunnen doki, ba su zaɓi ɗaya ba. Na Ayyukan Manzanni ya fito a 2017, na Markus a 2021, na Wahayin Yahaya a 2024, aikin kuma bai ƙare ba.